Kujerar Baya

Ranar da matata ta rasu, a zaune ta rasu, a bayan ƙaramar motata, kan hanyar Maradi.

Jiya ina zaune a tashar Tasawa, wani matashi ya nuna wa wani dattijo hoton motoci biyu a wayarsa, ƙarama da doguwa.

"Kuɗinsu ɗaya, Baba. Wacce za ka ɗauka?"

"Ƙaramar mana. Ba ta shan isansi, ko jaki ya fi ta ci."

"Mutum na iya kwanciya a bayanta?"

"Kai, mota za ka saya ko gado? Wa za ka kwantar?"

"Innata. Duk wata muna kai ta wajen likita Maradi."

Motar Mayahi ta cika, yaron ya shige, ban samu na ce masa ya ɗauki doguwar ba.