Ƙyashin da Ya Sa Na Haɗa Jiƙo da Ƙwayar Asibiti

Ina gaishe ku, 'yan'uwana, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sunana Saratu, matar Bulus, daga ƙauyenmu na bayan Karshi. Ina roƙo ku yi haƙuri da ni, domin abin da zan faɗa abin kunya ne.

Shekara biyu bayan an gama yaƙin basasa na fara ciwon kai mai tsanani, ƙeyata kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Maigidana ya kai ni asibitin mishan. Malamin asibiti ya ɗaura mini wani abu a dantse, ya auna, ya ce hawan jini ne. Ya ba ni 'yan ƙwayoyi farare, ɗaya kowace safiya. Ya ce in rage gishiri da kanwa, in daina ɗaukar kaya masu nauyi, kuma kada in ƙara wani magani a kai sai na tambaye shi.

Na ji sauƙi, amma zuciyata ta kamu da wani ciwon.

Ina da ƙawa, Rifkatu. Tare muka tashi, rana ɗaya aka yi mana baftisma a rafi. Kowace ranar kasuwa sai ta wuce ta ƙofar gidana da doya a kafaɗa, tana tafiya kamar budurwa, ni kuwa ina zaune a gindin mangwaro. Sannan zumuntar mata suka ba ta jan waƙa, aikin da na daɗe ina yi, saboda numfashina ya daina kai ni ƙarshen baiti.

Idan ta ɗauko waƙa a sujada, nakan rufe bakina ina ƙirga kurakuranta. Idan aka yabe ta, tuwo ba ya shiga mini ranar. A cikin ɗakin Allah nake wannan!

Wata rana na ga tukunyar jiƙo a gidanta, saiwoyi da ganye. Na ce a raina, ashe ga asirin. Na roƙe ta ta ɗiba mini. Ta ce, "Saratu, kina kan maganin asibiti. Ki tambayi malamin tukuna, in ya yarda ni da kaina zan haɗa miki."

Ban ji ƙauna a maganarta ba, rowa na ji. Na ɗauka so take in zauna a haka ita ta ci gaba da haskawa.

Na je wurin mai saiwoyi a kasuwar Karshi, na kwatanta masa, ya haɗa mini. Ban gaya masa ina shan ƙwaya ba. Ya ce rabin ludayi, ni kuwa ludayi biyu nake sha safe da yamma, ga ƙwayata a kai. Da na fara jin jiri in na miƙe, sai na ce magani ne ke aiki. Ko maigidana ban gaya wa ba.

A kwana na biyar na ɗauki doya da sassafe, niyyata in riga Rifkatu isa kasuwa, ta iske ni zaune. Na haye rafi, na fara hawan tudu, sai idona ya yi duhu. Na faɗi, goshina ya bugi dutse.

Da na farfaɗo, a bayan mutum na ji ni. Rifkatu ce. Ta watsar da kayanta a daji, ta goya ni da zanenta, tana haki tana neman bakin hanyar mota. Ba ta san na farka ba. Na ji tana cewa, "Ya Uba, kada ka ɗauke mini ita. Da wa zan tsufa?"

'Yan'uwa, a nan zuciyata ta karye. Na ce a zuciyata, Yesu, ka gafarta mini, ka cire mini wannan ƙyashin ko da ba zan tashi ba.

A asibiti malamin ya ce jinina ya sauka fiye da kima. Ƙwayar tana saukar da shi, ga alama jiƙon ma haka, na haɗa su suka ja ni ƙasa tare. Bai zagi maganin gargajiya ba. Ya ce dai shi kansa bai san ƙarfin abin da ke cikin tukunyar ba, kuma da na ƙara kwana biyu, da wani labarin ake yi.

Da na samu ƙarfi na faɗa wa Rifkatu komai. Sai ta ce jiƙon nata na ciwon baya ne. Tun da mijinta ya kwanta ciwo, bayanta bai huta ba, in ba ta kai doya kasuwa ba babu mai ci a gidan. Shekara guda ina ƙyashin wahalarta, ban taɓa tambayarta yaya take ba.

Yau ina shan ƙwayata ita kaɗai, 'ya'yana kuma suna taya Rifkatu kai kaya. Mai shan maganin asibiti a cikinku, kada ya ɓoye wa malamin abin da yake sha a gida. Wanda kuma ke ɗauke da irin ciwona na zuciya, ya kawo shi wurin Yesu tun bai kayar da shi a hanya ba. Na gode wa Allah da ya tashe ni. Ku dogara gare shi. Amin.