Delmar da Gidan Zanzaro

Fasto Halvorsen, shugaban ƙungiyarmu ta masu ƙera jirgin sama a gida Mista Arvid Lund, uwargidan marigayi, wato Marlys, 'yarsa Greta, dangi da maƙwabta, barkanmu da zuwa.

An zaɓe ni in yi magana a madadinmu saboda na shekara ashirin ina koyarwa a jami'a, ana zaton na iya taƙaitawa. Da Delmar Voss yana nan, da ya yi dariyar wannan zato.

Marlys, jiya kin tare ni a bakin rumfar jiragen nan kin ce, "Lorna, faɗa mini gaskiya. In Greta ta tashi da jirgin ubanta gobe don yi masa ban kwana, zai dawo mini da ita?" Na ce ki ba ni zuwa yau.

Delmar ya kasance makanikin tarakta wanda ya shekara tara yana harhaɗa jirgi mai kujera biyu a garejinsa, motar matarsa kuwa tana kwana cikin ƙanƙara. A bazarar shekara ta biyu da fara tashinsa, injin ya yi shiru a saman gonar Arvid. Ya sauka cikin masara, ya fito da ƙafafunsa. Arvid ya iso a guje ya ce, "Kai tsohon banza, filin jirgin yana can gaba." Delmar ya ce, "Na gani. Masararka na zo dubawa, kuma ba ta yi kyau ba."

Da aka buɗe fiffike, sai ga tankin mai ya lotse kamar gwangwanin da aka taka. Duk man da ya fita daga tanki, sai iska ta maye gurbinsa ta wani bututu mai kaurin fensir a ƙarƙashin fiffike. Zanzaro ya samu bututun, ya gina gidansa na laka a ciki, ya toshe hanyar iskar.

Delmar ya kasance mai girmama zanen jirgin da aka sayar masa, kamar mu duka, har zuwa ranar. Daga nan ya ƙara bututu na biyu a ɓoye, ya sa wa na farko 'yar ragar waya. Mun yi masa ca. Mun ce wanda ya zana jirgin injiniya ne, shi kuwa mai tarakta. Ya ce, "Injiniyan yana zaune a gari. Bai taɓa haɗuwa da zanzaro ba." Mun shekara uku muna musu da shi a kan fanke da kofi kowace Asabar, sannan muka riƙa kwaikwayonsa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana nuna dabararsa ce.

Ya kasance ba ya yarda da gyaran da ya yi da hannunsa ma. Kafin kowane tashi sai ya cire murfin tanki, ya durƙusa, ya sa baki a bututu ya hura, ya ji iska ta wuce. Bai tsaya a jirginsa ba. Duk jirgin da ke filin nan ya sha sumbarsa, ba da izinin mai shi ba.

Ranar da na gama fentin nawa jirgin, na same shi durƙushe a ƙarƙashinsa. Na ce, "Delmar, tashi. Ilimin iska nake koyarwa." Ya ce, "To Farfesa, zo ki koya wa wannan, ya ƙi numfashi." Salatif ɗin da na liƙa wa bakin bututun don kada fenti ya shiga yana nan daram, na kuma shafe shi da ja mai kyau. Ƙanwata ce za ta zauna a kujerar baya a ranar. Bai taɓa ba kowa labarin ba. Ni ma ban taɓa ba, sai yau da ba shi da damar ƙara masa gishiri.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, a kan kujerarsa a gida, bayan shekara talatin da ɗaya yana tashi yana sauka. Jirginsa ya yi wata huɗu a rumfa bai tashi ba, a tsakiyar lokacin zanzaro.

Greta, ubanki ya koya miki tuƙi, ba ni da abin ƙarawa. Marlys, ga amsarki. Babu mai iya yi miki alkawarin sama, shi ma bai taɓa yi miki ba. Amma da safen nan mu goma sha ɗaya muka duba jirgin. Arvid, da gwiwarsa ta ƙarfe, ya durƙusa ya hura. Na bi bayansa na hura bututun duka biyun, don ban yarda da huhun Arvid ba. Iska ta wuce. Sannan Greta ta ture mu, ta ce ba ta yarda da kowa ba, ta hura da kanta.

Mun gode muku da kuka zo, mun gode wa matan coci da suka ciyar da mu. Ubangiji ya ba Delmar hutu, ya sanyaya zuciyar iyalinsa, ya sauko da 'yarsa lafiya. Amin.

Mu fita waje. Marlys, zan tsaya kusa da ke. Ki yi haƙuri da warin fetur a bakina.