Yadda Muka Karɓo Filin Makaranta Daga Hannun Direbobi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Alhaji Zakari, wanda ya ja mani kunne tun a bakin ƙofa cewa kada in tsawaita, Allah ya ba ka haƙuri tun yanzu. Mai girma wakilin Hakimi, Allah ya ƙara girma. Mai unguwa da Liman da na'ibinsa. Wakilin hukumar ilimi, wanda ya baro ofis mai fanka ya zo ya sha rana tare da mu. Hedimastocin makarantun yankin nan, na Magama da na Mazanya da na Gangara, da malamanmu maza da mata. 'Yan'uwana iyaye mata da suka cika tabarmi tun hantsi. Iyaye maza, da waɗanda suka zo don kansu, da waɗanda sai da aka ɓoye masu makullin babur. Baƙinmu direbobi da 'yan dako na Maraɗi, waɗanda zama ya mayar da su 'yan gida. Sai ɗiyanmu da ke can baya suna tsunkulin juna, ina ganinku. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ce Tsahara, shugabar iyaye mata ta wannan makaranta, mai tuwo a bakin tasha. Wanda bai san fuskata ba ya san miyata.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan zango lafiya. Ina godiya ga malamai, waɗanda muke miƙa wa yaran da mu kanmu muka gaji da su, kuma su karɓa da fara'a. Ina godiya ga kwamiti da ya ba mace abin magana, ko da yake na ji an ce sai da aka yi musu a kai.

Magana ta farko, labaran gida. Yau aka ba da hutu, kuma hedimasta zai faɗi ranar komawa da bakinsa. Ranar da ya faɗa ita ce ranar, ba makon da ke biye da ita ba, ba kuma bayan an gama roron wake ba. Malam Shamsu na aji huɗu ya yi aure, shi ya sa kuka ga rigarsa da guga yanzu, Allah ya ba da zaman lafiya. Malama Hasiya ta sauka lafiya, an samu mace, kuma mata za mu haɗu a gidana mu tafi barka tare. An gyara famfon burtsatse, don haka duk yaron da ya ce maku ya dawo gida shan ruwa, ku mayar da shi da ƙishirwarsa. Ma'aikatan rigakafi za su zagayo bayan hutu, kada a ɓoye yara a rumbu. 'Yan ƙwallonmu kuma sun je Gangara sun dawo. Abin da ya faru a can ba zan faɗa gaban baƙi ba, amma ina roƙon mutanen Gangara su daina murmushi.

To, ba laifin yaran ba ne, domin wanda ba shi da filin gudu ba ya cin tsere. Wannan ya kawo ni ga magana ta biyu, wadda ita ce ta tsayar da ni gabanku.

Kowa ya san lokacin da al'amura suka tsananta a bakin iyaka, manyan motoci suka yi cincirindo, na shiga ba su shiga ba, na fita ba su fita ba. Kowa kuma ya san katangarmu ta gabas ta faɗi tun daminar bara, muka yi ta cewa gobe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu namu ƙadangaren mai taya goma sha biyu ne. Mota ɗaya ta fara shigowa filin wasa, wai ta juya ta fita. Ba ta fita ba. Ta ga inuwar dalbejiya, ta ga famfo, ta ga ba mai cewa uffan, sai ta aika wa 'yan'uwanta. Kafin a ankara filin makaranta ya koma tasha: ana shanya wanki a sandar tuta, ana dafa shayi a barandar aji biyu, ana kunna rediyo malami na karatu. Yaron da aka tambaya ina babban birnin jiharmu, sai ya ce Maraɗi, domin abin da yake ji ana kira ke nan safe da yamma.

Kuma kada mu ɗora wa baƙi laifi duka. Ruwa ba ya tsami banza. A cikin iyaye akwai wanda ya kafa teburin shayi, akwai wanda ya zama mai gadin motoci, akwai wadda ta cire ɗiyarta daga aji ta ɗora mata farantin gyaɗa. Ba zan kama suna ba. Wanda ya sunkuyar da kai yanzu, shi ya kama kansa.

Maza suka ce a bar masu. Suka yi taro, suka naɗa kwamiti, kwamitin ya naɗa ƙaramin kwamiti. Suka sa manyan riguna suka tafi wani ofishi, aka ce ba nan ba ne. Suka tafi wani, aka ce mai ofishin ya fita. Suka koma, aka ce ya dawo amma ya sake fita. Suka dawo mana da haƙuri mai yawa da takalma masu ƙura. Allah ya saka masu, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, mu ma mun ga iyakar.

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin wannan wurin ba na dariya ba ne. Wata Talata, lokacin hutun tara, Luba 'yar aji ɗaya, ɗiyar Lawwali mai faci, ta shiga ƙarƙashin wata mota tana wasan 'yar carafke a inuwa. Mai motar, Malam Ummaru, mutumin Maraɗi, ya samu labarin layin motoci ya motsa a bakin iyaka. Ya hau, ya tayar da inji, ya sa giya. Malama Safiya, malamar aji ɗaya, ita ta hango ƙafar yarinyar ta taga. Ta fito ba takalmi, ta tsaya gaban motar tana dukan ƙarfe da hannu biyu tana salati. Allah ya sa ya taka birki. Aka jawo Luba, ba ko ƙwarzane, duwatsun wasanta na hannunta. Malam Ummaru ya sauko, ya zauna a ƙasa. Ƙaton mutum mai furfura a gemu, na gan shi da idona yana kuka, yana cewa, "Ina da kamarta a gida. Wallahi ina da kamarta a gida."

Ran nan mata muka taru a gidana. Wasu suka ce a sace iskar tayoyi. Na ce masu, "Ku da ke son mota ta tafi, ku ne za ku sace mata iska?" Wasu suka ce a daina sayar masu da abinci. Na ce a dai sake shawara. Malama Safiya tana gefe hannunta a kumbure, sai ta ce, "Inna Tsahara, ni dokar makaranta kawai na sani. Duk wanda ƙararrawa ta same shi a cikin harabar nan, ɗalibi ne. Ku dai ku zo gobe ku tsaya mani a bakin katanga."

Washegari muka zo, mata cike da bakin katangar nan da ta faɗi, da goyo da tsofaffi, muka jeru muka rufe hanya. Aka kaɗa ƙararrawa. Malama Safiya ta bi motoci ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa ƙofa da rula, tana cewa, "Sallama dai, Malam. An kaɗa. A fito layi." Wani ya leƙo da asuwaki a baki ya ce, "Mi kika ce, Madam?" Ta ce, "Nan makaranta ce. Wanda ya kwana a asibiti majinyaci ne ko mai jinya. Wanda ya kwana a makaranta ɗalibi ne ko malami. Wanne ne kai?" Ya dubi bakin katanga, ya ga matan da yake cin tuwonsu, ya ga uwar Luba a tsakiya ba ta ko ƙiftawa. Ya tofar da asuwakin ya sauko.

Jama'a, gani ya kori ji. Direbobi da yaran mota a bayan 'yan aji ɗaya, dogo a baya gajere a gaba. Aka duba farce, kuma abin da aka gani a farcen direba, Allah ya kiyaye. Aka raba tsintsiya. Wani da ake kira Mudathir ya ce shi fa ya yi lakwal, wato makarantar boko, a can gida har ya kusa gamawa. Malama ta ce madalla, an samu monita, ta ƙara mashi bokiti. Hedimasta kuwa, Allah ya ja kwanansa, ya leƙo daga ofis, ya ga abin da ke faruwa, ya tuna yana da aiki mai muhimmanci a cikin durowa.

Ba mu zagi kowa ba, ba mu taɓa motar kowa ba. Kullum dai ƙararrawa, kullum layi, kullum shara, kullum a maimaita baƙaƙe da babbar murya, yara na gyara wa masu gemu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mutumin da ya jure wa jandarma da 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, da kwastan ɗinmu, ya jure wa rana da ramukan hanya, sai ga shi ya kasa jure dariyar 'yan aji ɗaya. Kafin Juma'a ta biyu ta zagayo, shugabansu Maɗugu ya nemo masu wani fili a bayan gari, inda aka taɓa ɗibar ƙasa, suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya tun da sassafe, kafin a kaɗa.

Mutum ɗaya ne ya fitar da motarsa, sannan ya dawo da ƙafa. Malam Ummaru. Ya tsaya bakin aji, hula a hannu, ya ce, "Madam, ni ban taɓa shiga lakwal ba. Duk takardar da aka miƙo mani a kan hanya, yatsa nike dangwalawa, ban san mi na yarda da shi ba. In babu damuwa, a bar ni in ƙarasa baƙaƙen nan." Malama ta ce, "Gemu ba ya hana ilimi, amma benci na hana shi, don ba zai ɗauke ka ba. Zo da tabarma." Ya zo da tabarma. Duk ranar da layi bai motsa ba yana nan a bayan aji. Ranar da ya fara rubuta sunansa a allo, ya juya wani harafi baya, Luba ce ta tashi ta gyara mashi. Ya ce, "Na gode, Malama ƙarama." Ga shi can zaune kusa da Liman, ku dube shi da kyau, yana ƙoƙarin ɓuya a bayan rawani.

Magana ta uku, kuma ita ce ta ƙarshe, Alhaji Zakari ka daina duba agogo. Da kuka shigo kun ga tulin yashi da duwatsu a daidai inda katanga ta faɗi, har na ji wasu na ƙorafin an tare masu hanyar babur. Malam Ummaru ne da abokansa suka kawo shekaranjiya, ba wanda ya roƙe su. Na tambaye shi don me ya juye a nan, bai kai gefe ba. Ya ce, "Hajiya, na san halin direba, don ni ma shi ne. In gajiya ta kama ni na ga inuwa, sai in manta da alkawari. Gara in toshe hanyar tun ina cikin hankalina."

To, iyaye maza, baƙo ya kawo yashi, baƙo ya kawo dutse, ya toshe wa kansa hanya saboda ɗiyan da ba shi ya haifa ba. Yashi ba ya tashi ya zama katanga da kansa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar Asabar da hantsi, mai shebur ya zo da shebur, mai kwano ya zo da kwano, magina su zo da cokalinsu, wanda ba ya da komai ya zo da bayansa. Mu mata mun ɗauki ruwa da abinci. Ba a buƙatar babbar riga, ba a buƙatar kwamiti. Wanda ciwon baya zai kama ranar Asabar, ya faɗa yanzu, Liman na nan, a yi mashi addu'a tun da wuri.

Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare su a hanya da cikin gida. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ƙara masu haƙuri da mu da yaranmu. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Allah ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, ya kawo mana ƙarshen fitina a dazuzzukanmu, ya ba mu damina mai albarka. Waɗanda ke kan hanya, Allah ya sa su taka birki a kan lokaci, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Allah ya tashe mu daga wannan taro da alheri, ya kuma haɗa mu ranar Asabar, dukkanmu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah. Na gode.