Motar da Aka Datse wa Baya

A tashar Dakoro, ranar kasuwa, wani dattijo da wani mai rawani suna zaune a benci ɗaya, suna kallon wata tsohuwar Pijo da ake loda wa tumaki.

"Baba, dubi ɓarna don Allah," in ji mai rawani. "Mota irin wagga, an datse mata baya an maishe ta akori-kura. Waldar ma a karkace take."

"Ni hwentin ya hi ba ni haushi," in ji dattijon. "Ruwan toka aka yo ta, sun shahe ta da kore kamar ƙohwar shago."

"Ka san ta ne?"

"Shekara ashirin da shidda tana hannuna. Ko akuya ban taɓa bari ta jingina da ita ba. Kujerun da direban nan ya cire, matata ce ta ɗunka musu riga."

"Ashe kai ka saida mishi! Wallahi da ni na same ta, lulluɓe ta zan yi, sai Juma'a in hiddo ta."

"Haka na yi. Amma bar shi, ba ta kai shi Kornaka. Na san halinta, ba ta tashi sai ƙarti huɗu sun tura."

Direban ya shiga, ya murɗa makulli sau ɗaya. Motar ta tashi lafiya lau, ta fice da tumakinta.

Dattijon ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

"Ji munahuka," in ji shi. "Ni ban taɓa jin wagga murya bakinta ba."