Ba Hannunka Ba Ne, Baba

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Wannan na ji shi ne a ɗakin jira na wani asibiti a Gudu, tsakanin wani dattijo da wata matashiya mai jakar kwamfuta.

"Baba, me ya kawo ka?"

"Hannu, 'yata. Zanen gidaje nake yi a kwamfuta. Ina jan mawus, linzamin kwamfutar, sai kibiyar da ke kan allo ta ɗan tsaya, ta yi tsalle. Mahaifina rawar hannu ce ta raba shi da sana'a."

"In ka kunna bidiyo ka naɗe hannu fa?"

"Shi ma yana sarƙewa."

"To, bidiyon ma hannunka ne?"

Ya ɗago kai ya dube ta. Ta ƙara tambaya:

"Yaushe abin ya fara?"

"Tun da kwamfutar ta ce in sabunta direban girafik, na danna."

"Manhajar da ke tafiyar da allo ke nan. Cire sabuwar gaba ɗaya, ka mayar da tsohuwar. Amma tunda ka zo, ka ga likita."

Ya miƙe hannunsa, ya daɗe yana kallo. Hannun ko rawa bai yi ba.

"Yafe mini," ya ce wa hannun.

Na so in gaishe ta, kunya ta hana. Na sulale kafin su lura da ni.