Ni Na Karanta wa Adam Takardar Tseren Doki

Assalamu alaikum mai gabatar da shirin wasiƙu. Sunana Usman, tela ne ni a unguwar Jurf a Madina. Don Allah a karanta wannan masu sauraro su ji.

Maƙwabcina Adam ɗan Chadi ne, gwanin hawan doki, amma ba ya karatun Larabci. Bayan Sallah babba wani attajiri ya neme shi ya hau masa doki a tseren bayan gari, ya ba shi takarda ya sa hannu. Adam ya kawo min shago ya ce, "Ya Usman, duba min." Ina sauri a kan ɗinki, na karanta layin farko kawai na ce, "Rajista ce, dangwala yatsa."

Dokin ya kayar da shi, ƙashin bayansa ya karye. Da muka je wurin attajirin, ni da wasu maƙwabta, bai ko ce mu zauna ba. Ya fito da takardar ya nuna mana ƙasanta, inda aka rubuta cewa duk abin da ya sami mahayi, ba ruwan mai doki. Ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, ga yatsansa." Sai ya shiga ba mu labarin ƙafar dokinsa.

Wata huɗu ke nan Adam yana kwance, ga 'ya'yansa uku. Kullum na je sai ya ce, "Canja takardar suka yi, ai kai ka karanta." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai.

Jama'a, ku ba ni shawara. In faɗa masa gaskiya? Da wane baki zan fara?