Takalman Ƙofar Rahila

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, mai warkar da marasa lafiya, har da waɗanda ke da takardar shaidar warkar da wasu.

Sunana Dauda. Yawancinku kun san ɗakin da na buɗe bayan tasha, inda mutum ke zama ya faɗi abin da ke cin ransa, ni kuma in saurara. Abin da na karanto a Yamai ke nan, ilimin halayyar ɗan Adam. Tsofaffin garinmu Filingue na ce mini lokotoro, wato likitan da ba ya allura.

Mu biyu ne masu wannan aiki a garin nan, ni da Rahila. Aji ɗaya muka yi. Ni na zo na ɗaya, ita ta tara. Ku riƙe wannan, don ta nan ciwon ya shiga.

Kun san mutanenmu ba su shiga ɗaki da takalmi. To, kowace safiya sai in bi ta ƙofar Rahila a kan moto, wato babur ɗina, ko da yake ba hanyata ba ce, in ƙirga. Silifa, fade, takalman roba na makiyaya. Wata rana na mutum goma sha huɗu! A ƙofata kuwa na mutum uku, har da nawa.

'Yan kaɗan ɗin da ke zuwa wurina ma kayansu ba sauƙi: waɗanda suka gudo daga ƙauyukansu, waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. An koya mana cewa mai sauraro dole ya sami abokin aikin da zai sauke wa nasa kayan, in ba haka ba ya karye. Na san wannan darasi, na ci maki mai kyau a kansa. Amma abokin aiki ɗaya ne a duk ƙasarmu ta Kurfey, ni kuwa da in je wurinta gara in mutu. Sai ciwon kai, sai hawan jini, sai tsawa a gida kan gishirin miya.

Ana nan aka kawo mini wata mata daga wajen Abala. Ba zan faɗi sunanta ba, aikinmu ya hana. Tun ranar da masu bindiga suka shiga ƙauyensu ta daina magana, abinci ma sai an matsa. Zaman farko na gane cewa abin da ya same ta ba abin da macen Kurfey ke faɗa wa namiji ba ne. Maganin a fili yake: in tura ta wurin mace. Wurin Rahila.

Ban tura ta ba.

Kasuwa bakwai, duk mako ranar kasuwa, tana shigowa motar haya, ta zauna ta dubi bango, tana ramewa, ni ina cika takarda da Faransanci mai kyau. Kaico!

A ta bakwai ta buɗe baki. Ta ce, "Lokotoro, kai mutumin kirki ne. Amma in na faɗa maka, da wane ido za ni dube ka? Ba ni komowa. Na gaji da zuwa. Na gaji da komi."

A aikinmu mun san inda wannan magana take nufa. Maganar mai shirin rabuwa da ransa ce. Na ce ta jira ni, na zaga baya wajen randa, na durƙusa cikin rana. Addu'ar ba ta da ado. Na ce, "Ubangiji, ran matar nan na hannuna, ni kuwa takalmanta nake riƙo. Ka gafarta mini, ka ba ni ƙafar tafiya."

Ya ba ni! Na sa ta gaba, muka ratsa tsakiyar kasuwa a ƙasa, har ƙofar da na fi sani a duniya. Na tuɓe takalmana, na ajiye cikin tarin.

Rahila ta ɗaga labule. Ta ce, "A'a, Na-ɗaya! Moto ta lalace ne? Kullum ina hangenka ta taga kana wucewa, leɓɓanka na motsi. Da na zaci addu'a kake yi mini. Yau nawa ka samu?"

Na ce, "Goma sha ɗaya. Na ƙaro miki biyu. Fara da ita."

Ta dubi matar, dariyar ta ɗauke. Ta kama hannunta ta ce, "Shigo, yaya," ta saki labule.

'Yan'uwa, matar nan tana raye. Tana ci, tana magana, bana har noma ta yi. Da kaka ta aiko da damin gero. Ga Rahila, ba ni ba. Ba zan yi ƙarya a ɗakin Allah ba, na ɗan ji wani abu, amma bai kwana ba.

Ashe Rahila ma nitsewa take yi cikin tarin nan da nake kishi, ba ta da wanda za ta faɗa wa. Yanzu duk Alhamis muna zama, ta sauke nata, in sauke nawa. Ciwon kai ya tafi, gishirin miya ya daidaita.

Godiya ta tabbata ga Yesu, wanda ya fisshe ni kafin kishina ya ci rai. Wanda duk ke da ƙofar da yake ƙirgawa, ya dogara ga Ubangiji, ya sauka daga moto. In kun bi ran Alhamis kuka ga wasu baƙaƙen takalma masu cinyayyen dunduniya a ƙofar Rahila, ku sa su cikin lissafi. Nawa ne. Amin.